Kunnen Jirgi A Cikin Duro

Jama'a, wannan abin ba a bakin wani na ji shi ba, ni ya faru da ni, kuma wallahi da furfurata ba zan zauna in shirya muku ƙarya ba. Ƙarshen shekarar 1969 ne, ina da ɗan shagon gyaran rediyo a Zangon Kumasi, daidai lokacin da gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takarda ya bar Gana. Azumi ake yi, ga zafi, kullum ka buɗe shago sai ka ga maƙwabcin da kuka tsufa tare ya rungumo rediyonsa yana roƙon ka saya ko nawa ne, mota na jiran sa. Na gaji da ban-kwana, na gaji da komai, har barci ma ba ya sauke mini gajiyar.

A cikin wannan hali Hajiya Ramatu ta zo, mai sayar da bandar kifi a kasuwar Kejetiya. Tana da jirgi mai inji a Yeji, a sabon tafkin nan da ruwan dam ya haɗiye daji, itatuwa na tsaye a ƙarƙashin ruwa suna farke cikin jirage, kuma ɗanta ne ke tuƙa shi. Ta samo tsohuwar na'urar auna zurfi daga bakin teku, akwati ne mai 'yar jar fitila da ke nuna inda ƙasa take da inda kifi yake, amma babu kunnensa. Kunne shi ne dunƙulen tagulla da ake kafawa a ƙasan jirgi, da doguwar waya, ya tura ƙara cikin ruwa ya saurari dawowarta. Na san aikin don na taɓa zaman gyara a tashar jiragen Takoradi.

Ta zo da wani Bazabarme, Malam Hamani, tsohon masunci, shi ma washegari zai hau mota, yana da kunne biyu a buhu. Ta ce, “Masta, zaɓar mini wanda zai dawo mini da yarona gida. Ni na gaji paa, na gaji ƙwarai da jiran labari daga Yeji.”

Na duba su. Ɗaya mai tsukakken ji ne, yana kai wa zurfi amma abin da ke ƙarƙashinsa kawai yake gani, na teku ke nan. Ɗayan mai faɗin ji ne, yana kama kifi da kututture tun daga gefe, kuma shi ne daidai da tafki. Na ce mata wannan za ta ɗauka, amma bari in gwada tukuna.

Bayan shagona akwai duro cike da ruwan sama, tsayinsa iya ƙuguna. Bayan Azahar ne, rana tsaka, mata na daka a gidan kusa. Na haɗa batirin mota, na tsoma na farko, ya taɓa gindin duro ƙwal, fitila ta nuna ba zurfi, yadda ya kamata. Na tsoma na biyu, mai faɗin jin, ina jiran in ji ƙwal, ban ji ba. Waya ta ci gaba da zarewa ta cikin yatsuna, tana tafiya, tana tafiya, wayar da za ta zagaye shagona har ta yi saura, sai da ta ƙare a hannuna. Na waiga akwati, fitila ta nuna zurfin da ya fi dogon bene, kuma daga can ƙasa ga wani ɗigon haske yana tasowa a hankali. Hannuna da ke cikin ruwa ya yi sanyi har kafaɗa.

Sai aka ja. Na san jan kifi, wannan ba shi ba ne. Ja ne na hankali, sau ɗaya, aka saki, aka sake ja, irin na wanda ya kama igiyar guga yana so a san yana nan.

Hajiya ta ce, “Masta, lafiya?” Ni dai na riƙe wayar gam. Malam Hamani ne ya matso ba tare da ya tambayi komai ba, ya kama wayar muka yi ta ja tare, da nauyi da farko, can sai ta yi sakayau. Kunnen ya fito da baƙin taɓo mai warin rafi.

Tsohon ya zauna a ƙasa yana share shi da bakin rigarsa. Ya ce daga jirgin ƙaninsa aka ciro shi, jirgin ya nutse bara, an samo jirgi ba a samo mutum ba. Ya ce, “Na sa shi a bokiti a ɗakina, haka ya yi mini. Gobe zan tafi in bar ƙanina a cikin tafkin nan. So nake in san ko ni kaɗai ke ji.”

Na ce masa, “Baba, ni ma na ji.” Ya gyaɗa kai, ya mayar da shi buhu, bai ƙara maganar sayarwa ba.

Hajiya ta ɗauki na tekun, ko da yake na gaya mata ba zai ga kututture ba sai an hau kansa. Ɗanta ya yi shekaru yana lallaɓawa da shi da gora a hannu, Allah ya tsare. Da suka tafi na kifar da duron, ruwa ya malale, na ƙwanƙwasa gindinsa, lafiya lau, tsatsa ce kawai. Na zauna a wurin har aka kira Magariba ban tuna da shan ruwa ba.

Na tambayi malamai, na tambayi masu gyara irina, kowa da abin da ya ce, babu wanda ya gamsar da ni. Ni dai har yau in na tuna sai in ji sanyin nan a kafaɗata. Don haka duk wanda zai sayi tsohon kayan jirgi, kafin ya duba ƙarfinsa da faɗin jinsa, ya tambayi wane ruwa ya kwana a ciki, da kuma ko mutanen jirgin duk sun fito.