'Yar Ciyawa Ce Kawai

Har yau ban manta da safiyar wata Laraba ba, ranar da na kai wata tsohuwa har gaban teku, muna tsaye a kan yashi, ta juyo ta tambaye ni ina ruwan yake.

A lokacin ni ne babban direba a ajans ɗinmu na unguwar Jonke, a Kwatano. Ga wanda bai sani ba, ajans ofishi ne da ke shirya wa mutane tafiyar hutu: mota, masauki, da wuraren da za su gani. Madam ce mai wurin, sai sakatare, sai mu direbobi huɗu. Karatuna na lakwal, wato boko, bai yi nisa ba, amma da yake ni kaɗai ke jin Hausa, duk baƙon da ya fito daga arewa ni ake tura wa. In cika masa takarda, in sa masa rana, in kira otel. Mataki na ƙarshe shi ne a kira wani masunci mai suna Kojo, da ke zaune a bakin teku gaba da unguwar Fijirose, a ji yadda teku yake.

Cikin rani Alhaji Bawa ya shigo biro, wato ofishinmu. Dillalin shanu ne, mutumin wajen Gaya, masallaci ɗaya muke salla da shi a unguwarmu ta Zango. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam Isa, maganar tsohuwata ce. Idonta na tafiya. Likita ya ce ba gyara, sai dai kullum ya ƙara raguwa. Ita kuwa a bakin kogin Kwara ta girma, tun tana yarinya take jin wai akwai ruwan da ba shi da tsallake. Ta ce in nuna mata tun tana iya gani. So nake in kawo ta mako mai zuwa."

A nan na fara kuskure. Rani lokacin Turawa ne, motocinmu duk a cike. Damina kuwa zaman banza muke yi, Madam kullum tana mana ƙorafi mu nemo baƙi. Da na so, da na aro motar wani abokina a Godome an gama. Sai na ce wa Alhaji ya bari sai ruwa ya sauka, wata huɗu masu zuwa, gari ya yi sanyi, bakin teku ba cunkoso. Ya ce ni na san aikina.

A gabansa na kira Kojo don in cika ƙa'ida. Da Faransanci muke magana, ni da shi duk namu na kasuwa ne. Ina faɗin watan sai ya ɗaga murya. Ya ce kada in yi, lokacin sargas ne, bara sai da ya yi makonni bai jefa koma ba. Ya ce in dai don gani ne, a zo yanzu.

Sargas wani tsiro ne da ke yawo a saman teku, ba shi da saiwa a ƙasa, iska ce ke koro shi gaɓa a wasu watanni. Na sha jin sunan. Na ma taɓa ganin ɓurɓushinsa a kan yashi kamar shara. Amma mu 'yan Zango, duk da teku yana bayan gidanmu, sai mutum ya shekara bai leƙa shi ba, ni ma da damina ban cika bin hanyar ba.

Alhaji ya ce, "Me mutumin naka yake ta faɗa haka?"

Na ce, "Wai akwai ciyawa a lokacin."

"Ciyawa a teku?"

"'Yar ciyawa ce kawai, Alhaji."

Ya yi dariya har yana dukan cinya. "Ku Hausawan Kwatano, yanzu har ciyawa kuke tsoro? Ni da nake nema ido rufe? In ta yi muku yawa ku faɗa mini in turo shanu."

Na taya shi dariya. Amma na san maganar Kojo ta fi haka nauyi. Abin ba shi da suna a Hausa, ni kuwa na zaɓa masa sunan da mai shanu ya fi so a duniya, na kuma ƙara masa 'yar. Ban yi ƙarya a fili ba, na dai rage magana, kuma ina sane.

Da ruwa ya sauka aka kawo Inna Hajo. Ta haura tamanin, 'yar siririya, ga baki. Zuwa lokacin fuska ba ta gane ta sai an matso, amma tana ganin launi da manyan abubuwa. Ta ƙi zama a baya, ta ce ba don ta kalli ƙeyata ta yi kwana biyu a hanya ba.

Mun bar kwalta mun hau hanyar masunta, sai wani wari ya cika motar.

Ta ce, "Ɗan Zango, wa ya fasa ruɓaɓɓen ƙwai a motar nan taka?"

Ni kuwa wani abu ya fi warin tayar mini da hankali. A wurin nan, kullum tun kafin ka ga teku kake jin rugugin igiyar ruwa. Ranar kuwa shiru.

Muka sauka. Ni da Alhaji muka riƙe ta, muka bi ta cikin itatuwan kwakwa, muka hau tudun yashi. A nan ƙafata ta tsaya.

Na yi shekaru fiye da hamsin a garin nan, ban taɓa ganin abin da na gani ba. Daga gaɓa har inda ido ya ƙare, ba ruwa. Wata irin shimfiɗa ce ruwan zinariya da ja-ja, gabas da yamma, ba ta da baki. Kuma ba a tsaye take ba. Sai ta kumbura a hankali kamar ƙirjin mai barci, ta taho, ta sauka da wani nishi mai nauyi, ta koma. Igiyar ruwan da ke kifar da jirgi da mutum goma, ga ta nan an danne ta, ta kasa fashewa. A gaɓa abin ya taru ya kai ƙugu, na ƙasa ya yi baƙi yana ruɓewa. Jiragen masunta duk an ja su tudu an jera, masu su na zaune a inuwa suna kallo kamar masu zaman makoki.

Alhaji Bawa, mai cewa zai turo shanu, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. A hankali ya ce, "Subhanallahi. Duk shanun duniya ba su cinye wannan."

Inna Hajo ta daɗe tana ƙura ido. Sannan ta ce, "Fadamar nan motsi take yi, ko jiri nake ji?"

Alhaji ya ce, "Motsi take, Inna."

"To ina ruwan?"

Na ce, "Yana ƙarƙashi, Inna."

Kojo ya taso daga cikin masuntan. Bai gaishe ni ba, ya dai buɗe hannuwansa biyu yana kallona. Alhaji ba ya jin Faransanci, amma wannan ya ji shi. Na ce, "Alhaji, mutumin nan ya hana ni tun ranar. Ya ce a zo da rani. Ni na rage maganarsa don in cika motata da damina." Alhaji ya kawar da kai daga gare ni. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Inna kuwa hankalinta ba ya kanmu. Ta ce a ɗebo mata ta taɓa. Kojo ya shiga har cinya, ya ciko ƙwarya daga sabon da bai ruɓe ba. Ta sa yatsu tana lalube. Ganyen ƙanana ne masu kaushi, jikinsu cike da 'yan ƙwallaye kamar 'ya'yan kanya da ba su ƙosa ba. Ta matse ɗaya, ya fashe, iska ce a ciki. Kojo ya ce su ke hana shi nutsewa, na fassara mata, wannan karon kalma da kalma. Can sai ta janye hannu, wata 'yar ƙaguwa ta bi ta kan yatsanta, ga wasu ƙananan kifaye masu launin ganyen sak suna wutsil-wutsil a gindin ƙwaryar.

Ta ce, "Ashe da masu kiwonta. Wa ya shuka?"

Kojo ya ce ba wanda ya sani a cikinsu. Daga tsakiyar teku take zuwa, kuma lokacin ubansa ba a san ta haka ba.

Ta ɗaga fuska wajen shimfiɗar nan mai numfashi. "Makiyaya ba ƙasa, ba saiwa, tana tafiya da dabbobinta. Allah mai iko."

Ba mu yi awa guda ba tari ya sarƙe ta, don warin ruɓar yana kama ƙirji. Awarwaron azurfar da ke hannunta ma kafin mu bar yankin ya fara dusashewa. Na ja mota muka yi yamma har garin Wida ko za a dace da wuri mai tsabta, ko'ina haka yake. Kojo ya ce zai iya janyewa cikin mako, zai iya kai wata biyu, iska ce ke da magana. Ta jira kwana biyar a Zango, ƙirjin bai saki ba, Alhaji ya mayar da ita gida.

Sai bayan damina Kojo ya kira ni ya ce teku ya wanke. Na je na gani, shuɗi tas har ƙarshen ido. Daga nan kan yashin na kira Alhaji, na ce ya kawo Inna, mota da masauki duk a wuyana.

Ya ce, "Malam Isa, yanzu ko fitila ba ta gani. Ga ta, tana son magana da kai."

Muryarta ta zo a hankali. "Ɗan Zango, kana gabansa?"

"Ina gabansa, Inna."

"To faɗa mini yadda yake. Amma kada ka rage."

Na juya wayar wajen igiyar ruwa ta ji rugugin, sannan na yi ta faɗa mata, launin, da farin kumfa, da jiragen da ke shiga suna ɓacewa, da inda sama ta haɗu da ruwa ba tudu ba itace. Hausata ta ƙare ban kai rabi ba. Ta ce, "Ya isa. Na ji." Ba ta ƙara shekara ba a duniya.

Shi ya sa nake gaya muku, ku direbobi masu tasowa, kafin ku sa wa baƙo ranar zuwa teku ku fara kiran masunta, ba a ƙarshe ba. Mu kalandar bango muke dubawa, su ruwan suke kwana suna tashi da shi. In kuma kuka tsaya tsakanin mutum biyu da ba sa jin harshen juna, ku miƙa magana da nauyinta yadda aka ba ku. Wani baƙon zai dawo baɗi, wani kuwa zuwan nan ɗaya gare shi, kuma ba ya rubuce a takardar da kuke cikawa.