Ranar da Aka Wanke Duron Baba Ari

A layinmu na Fagge, in baƙo ya tambayi gidan Baba Ari, ba a yi masa kwatance da launin ƙofa. Cewa ake yi ya tsaya ya kasa kunne, inda ya ji ruwa na zuba, nan ne. Ni katanga ɗaya ce tsakanina da shi, kuma ɗakin kwanana ne ya jingina da ita, don haka na fi kowa sanin wannan ƙara. Da farko har mafarkin famfo ya fashe nake yi. Yanzu kuwa in an ɗauke wuta ruwan ya tsaya, sai in ji unguwar ta yi shiru kamar an yi rasuwa.

Baba Ari haifaffen Nguru ne. Mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, shi ya taho da shi Kano yana ƙarami. Da ya girma shi ma a tashar ya kama aiki, ɓangaren ruwa: tankuna, bututu, famfo. Ƙuruciyarsa duka a kan tura ruwa daga nan zuwa can ta ƙare. Da ya yi ritaya, abokan aikinsa wani ya buɗe shago, wani ya koma zaman majalisa a bakin titi. Shi kuwa sai ya ari diga, ya shiga lungun da ke bayan kicin, ya haƙa rami mai faɗin tabarma biyu, ya shafe shi da siminti, ya dasa lemun tsami da ɗoɗɗoya a gefe, ya ce ya yi tafki. Matarsa, Hajiya Huseina, ta leƙa ta ce wannan kududdufi ne, kuma ya gina wa sauro gidan haya kyauta.

Tafkin ba shi ne abin alfaharinsa ba, duron ne. Wani shuɗin duro ne na roba da ya ɗora a kan bulo. A ƙasansa tsakuwa, a kanta gawayi, sai tsohon gidan sauro a nannaɗe, sai sosuna a sama. Wani ƙaramin famfo ke zuƙo ruwa daga ƙasan tafkin ya zuba a bakin duron, ruwan ya ratsa duk waɗannan ya fito garai-garai ta bututu, ya faɗo a kan wani dutse, ya koma inda ya fito. Famfon aikin Ambrose ne, mai gyaran injin ruwa a Sabon Gari, aminin Baba Ari tun yana tasha. Daga cikin wata tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki ya ciro masa shi.

In aka buɗe maka duron nan sai ka ja da baya. Sosunan sun yi baƙi, sun yi yauƙi, ga wani ƙarni kamar na ƙasan randar da aka manta da ita. Na taɓa ce masa me zai hana a wanke. Ya dube ni kamar na ce a rushe masallacin unguwa.

"Abdulƙahhar, kai yadi ka sani," in ji shi, don ni a Kantin Kwari nake sayar da shadda. "Wannan yauƙin da kake raina wa, akwai ƙananan halittu a cikinsa da ido ba ya gani. Su ke cinye ƙazantar kifin. Ka sa musu sabulu, ka kashe su, ruwan ya zama guba."

Shi in zai wanke, ɗibar ruwan tafkin yake yi a bokiti, ya ɗauki rabin sosunan ya matse su a hankali kamar mai yi wa jariri wanka, ya mayar. In kuma aka ɗauke wuta, ko a tsakiyar cin tuwo yake zai tashi, ya ɗauki ƙwarya ya dinga ɗibar ruwan yana tsiyayo shi daga sama don kifi su samu iska.

Kifin dai karfasa ne da yawa, waɗanda ba su da suna, sai tarwaɗa guda ɗaya da ake kira Sarkin Tasha. Shekarar da Baba Ari ya je Nguru binne mahaifiyarsa ya taho da shi a cikin jarka, a kan cinyarsa, tun yana kamar ɗan yatsa. Yanzu ya kai tsawon hannu. Kullum da safe Baba Ari zai tsuguna ya yi masa sallama, kifin ya ɗago baki. Yakan ce, "Ka gani? Ya san muryata." Ban taɓa yi masa musu ba, don na san ba maganar kifi kaɗai yake yi ba.

Hajiya Huseina kuwa ba ta taɓa ajiye makami ba. In sauro ya cije ta, kududdufi ne. In 'yan garuwa sun makara, kududdufi ne ya shanye ruwan gidan. Da aka sa ranar auren 'yarsu Sharifa, malamar makaranta, sai ta yanke hukunci, kuma da ƙarfi ta faɗa har na ji ta katanga.

"Alhaji, baƙi za su cika gidan nan. Wallahi in aka samu matsala ko ɗaya daga kududdufin nan, ko wari ko wani abu, ana gama biki zan sa a kawo yashi a cike shi."

Daga ranar Baba Ari ya daina zama. Ya kwashe ganyen lemo, ya zare gansakuka, ya busa bututu, har ruwan ya yi haske kana hango gashin bakin Sarkin Tasha daga tsaye.

Ana gobe ɗaurin aure ya biyo ni Kwari karɓar shaddar da za a raba wa dangi. Hajiya Huseina ma ta fita da amarya wajen ƙunshi. A wannan tsakanin ne Ya Jawahir ta sauka daga Nguru da tawagarta. Ita ce yayar Baba Ari, wadda ta goya shi a bayanta, tsohuwar da ƙamshin humrarta ke riga ta shiga gida. A wurinsu gidan biki ba ya zama gidan biki sai an wanke komai an turare. Ko ruwa ba ta sha ba ta ɗaura ɗamara. Aka wanke bango, aka wanke tukwane, aka wanke duk wani mazubin ruwa da bilic, har igiyar akuya ba ta tsira ba. Sannan wata daga cikinsu ta buɗe shuɗin duro ta yi salati.

Bayan la'asar muka dawo ni da shi, ina taya shi riƙon kaya. Tun daga soro muka ji ƙamshi. Da muka leƙa lungun sai na ga abin da ban taɓa gani ba: kumfa ta taso daga tafkin har gwiwa, iska na ɗibarta tana liƙa wa lemun tsami. An dirje tsakuwa da omo, an jiƙa sosuna a bilic har sun yi fari, an mayar da su an kunna famfo. Gawayin an shanya shi a rana don a yi turaren wuta. Aka kuma ƙara wa ruwan murfi guda na humra, don alheri ya cika.

Ya Jawahir na zaune a kan tabarma, ta miƙe ƙafa, fuskarta cike da annurin wanda ya gama aikin lada. Baba Ari ya dubi tafkin, ya dubi yayarsa. Karfasa sun fara juyowa, cikinsu a sama. Amma mutum bai isa ya wuce yayarsa da ta taso tun daga Nguru ya nufi kifi ba. Ya cire takalmi ya durƙusa.

"Ya, an zo lafiya? Ya hanya?"

"Lafiya lau, Ari. Ya hidima? Ya jama'a?"

Sai ta fara isar da gaisuwar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa da labarin ciwon ƙafarsa. Shi kuma dole ya amsa, ya tambayi 'ya'yan kowa. Bakinsa na cewa "Madalla, madalla," idonsa na kan kumfa. Ni da nake tsaye zufa ta jiƙa mini riga.

"Na ga ƙazantar da ka tara a duro," in ji ta. "Shekara nawa ba a wanke ba? Na wanke maka tas. Dubi kifin ma, sun fito sama suna shan iska."

"Allah ya saka da alheri, Ya," in ji Baba Ari, hawaye na gangarowa cikin gemunsa. "Allah ya ƙara girma."

"Haba, kar ka yi kuka. Wa kake da shi in ba ni ba?"

Sai da ta sallame shi muka faɗa cikin kumfar. Karfasa kam sun tafi. Sarkin Tasha muka lalubo a ƙasa, yana numfashi da ƙyar. A gidan babu ruwan da bilic bai taɓa ba, ga mata ko'ina da wuƙaƙe da tukwane. Baba Ari ya sa shi a bokiti ya rungume, muka tari adaidaita sahu sai Sabon Gari, wurin Ambrose.

Matar Ambrose, Madam Comfort, farfesun kifi take sayarwa. Tana da wani babban baho cike da ruwan rijiya da tarwaɗa masu rai, mai saye ya nuna wanda yake so a yanka masa. Ba ta nan lokacin da muka isa. Ambrose na ganin kifin aminin nasa a galabaice ya fizgi bokitin ya juye a bahon, kafin Baba Ari ya buɗe baki. Sarkin Tasha ya nutse cikin 'yan uwansa, duk baƙaƙe, duk masu gashin baki, duk tsawon hannu.

"Ba komai," in ji Baba Ari. "Ya san muryata."

Ya tsuguna ya yi sallama. Duk kifin bahon suka ɗago baki.

Da Madam Comfort ta dawo ta ji labari, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, sannan ta ga fuskar tsohon ta daina. Ta ce, "Baba, ni ba zan taɓa ko ɗaya ba sai ka nuna naka." Masu zuwa cin farfesu da yamma ta dinga mayar da su, tana cewa yau kifinta suna da baƙo. Baba Ari ya ɗago wannan ya dube shi ya mayar, ya ɗago wancan. Har magariba bai iya rantsewa a kan ko ɗaya ba. Na tausaya masa ƙwarai. Shekara da shekaru yana hira da kifin nan, ashe bai taɓa kallonsa sosai ba.

Washegari jama'a suka taru a masallaci, liman ya zauna, aka nemi uban amarya aka rasa. Ni na san inda yake, don haka ni aka tura. Na same shi a tsugune gaban baho cikin babbar riga sabuwa fil, hannunta ya jiƙe har kafaɗa. Na yi magiya, Ambrose ya yi magiya. Ya ce in ya tafi bai nuna ba, ya hana baiwar Allah sana'arta, in kuma ya nuna wanda ba shi ba, da hannunsa ya miƙa Sarkin Tasha ga wuƙa.

Muna cikin haka adaidaita ta tsaya a ƙofa. Hajiya Huseina ce ta fito, cikin lafaya, hannu da ƙafa sun sha ƙunshi, fuska babu alamar wasa. Baba Ari ya sunkuyar da kai. Ya san matsala ta faru, kuma ya san abin da aka ce zai biyo bayanta.

Ta wuce shi. Ta gaisa da Madam Comfort, ta tsaya a kan bahon, ta kwance bakin lafayarta ta ciro guntun ƙanzo. Ta ƙwanƙwasa gefen bahon da zobenta. Kifi ɗaya ya ratso sauran a guje ya zo ƙarƙashin hannunta.

"Ga shi nan," in ji ta. "Mai guntun gashin baki ta hagu."

"Guntu?" in ji Baba Ari.

"Ni na guntule shi da ludayi, ranar da ya kusa haɗawa da yatsana. Kullum in ka tafi masallaci, wa kake tsammani ke ba shi ƙanzo? Da wannan garin abincin kifin da kake barbaɗa masa ne ya yi wannan ƙibar?"

Ban taɓa ganin kunya da daɗi sun kama mutum lokaci guda kamar yadda suka kama Baba Ari ba. Da ƙyar ya ce, "Hajiya, to maganar yashin fa?"

"Ka tashi ka je ka aurar da 'yarka, liman na jira," in ji ta. "Jibi ka sayo sababbin sosuna. Duron kuma ni zan sa masa kwaɗo, tunda kai ba ka iya ce wa yayarka a'a ba."

Ta juya ga Madam Comfort, wadda ke share hawayen dariya da bakin zane.

"Madam, a sa mana shi a bokiti daban, a rufe da kwando, yana tsalle. Kuma kar a ba shi ƙanzon shinkafa. Na tuwon masara yake so."