Igiyar Magaji

Shekara biyu bayan samun ƴancin kai, ina aikin awon gyaɗa a Tasawa, aka aiko mini babana ya rasu. Na koma ƙauyenmu na wajen Mayahi da wandon Turawa da takalmi sau-ciki, kowa na ce mini magaji. A raina magaji shi ne mai kwashe gona da rumbu, shi ya sa nake amsawa da ƙarfi. Har na yi wa ƙanen babana rashin kunya a gaban mutane, na ce ya cire idonsa daga gonar gyaɗa.

Gidanmu gidan masu haƙar rijiya ne, amma ni lakwal, wato makarantar boko, ta ɗauke ni tun ina ƙarami, ko leƙa rijiya ba na so. Bayan sadakar arba'in yashi ya toshe rijiyar gari, wadda babana ya haƙa. Gwaggona ta kira ni.

"Ɗana, ka san mi ake nuhi da magaji? Daga gado kalmar ta hito. In ka gaji mutum, inda yake tsayawa nan za ka tsaya. Ubanka cikin rijiya yake tsayawa."

Al'adarmu ce, in mai haƙa ya mutu, ba mai shiga rijiyarsa sai magajinsa ya fara taka ƙasanta. Kuma babban namiji na gidan ne ke riƙe igiya. Wato ƙanen babana.

Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Da hantsi aka zura fitila ta dawo da wutarta, aka ce akwai iska a ƙasa. Ƙanen babana ya ɗaura mini igiya a ƙugu, ko kallona bai yi ba. Ina sauka ina tuna kowace kalma da na faɗa masa. Bakin rijiya ya koma kamar faifai, sanyi ya kama ni. In ya saki hannu, wa zai ce ba tsautsayi ba ne?

Saura kaɗan in kai ƙasa, gefe ya zube, yashi ya rufe ni har ƙirji. Na yi ihu, na kira babana da ke kabari. Igiyar ta ɗaure, ta shiga jana kamar za ta raba ni biyu, ba ta sassauta ba ko sau ɗaya.

Da na fito na tarar da shi zaune a ƙasa, fatar tafukan hannunsa ta saɓule, jini na ɗiga. Na durƙusa na ce, "Baba, gonar..."

"Riƙe gonarka," ya ce. "Shekara talatin ina riƙe igiyar ubanka, ban taɓa saki ba. Gobe da sahe za ka koma, ba a yashe ta ba tukuna."