Rigar Zargen Hajiya

Wata Juma'a da hantsi, a watan Oktoban 2012, ina da shekara tara, na hau saman benenmu a Ardul Liwa na tarar da Ammu Fathi, mai gidan da muke haya, yana sa wa tantabarata riga. Ba rigar ado ba ce. 'Yar fata ce da aka yanka daidai bayanta, aka jera mata zarge na zaren kamun kifi, sun yi cirko-cirko. Ya zura fukafukanta ciki, ya ɗaura mata dogon zare a ƙafa, ya ɗaure ɗaya bakin a jikin bulo. Na tambaye shi da Larabci mene ne wannan, sai ya nuna sama da haɓa, ya ce shaho yake jira. In shahon ya kawo sura, faratansa za su shige zargen, shi ke nan ya kamu. Na ce, to ita fa? Ya ɗaga kafaɗa kawai.

Saman benen nan shi ne tsakar gidanmu a Alƙahira. Ɗakunanmu biyu ne a hawa na huɗu, matsattsu, ba sa ganin rana sai da la'asar. Baba ɗalibi ne, da sassafe yake kama mota zuwa unguwar Darrasa inda makarantarsu take, ba ma sake ganinsa sai magariba ta gabato. Umma kuwa 'yar ƙauye ce daga ƙasar Katsina, ba ta iya zaman ɗaki ba, don haka komai nata sama take kai shi. Can take shanya, can take busar da kuɓewa a kan buhu, can take yi mini kitso ina kuka tana zungurina da gwiwa. Mu yara, ni da 'ya'yan maƙwabtanmu Hausawan Sudan, muna langa da 'yar carafke tsakanin tankunan ruwa, muna leƙen mai sayar da gas yana ƙwanƙwasa tukunyarsa a lungu. A kusurwa ɗakin tantabarun Ammu Fathi yake, na katako, dogo, an shafe shi da koren fenti. Kullum la'asar yakan hau can ƙololuwa ya sake su, yana fito yana kaɗa tuta, su yi ta kewaya unguwa har su gaji.

Tantabarata, Hajiya, ba ta cikin masu kewayar. Tun tana 'yar shila ta faɗo daga sheƙa ta karye a ƙafa, Ammu ya ce miya za ta, ni kuwa na sa kuka har ya gaji ya miƙo mini ita. Umma ce ta yi mata ɗori da tsinken ashana da zare, ni kuma na riƙa jiƙa alkama ina ɗura mata. Ta warke, amma ta tashi da ɗingishi da wata tafiya ta ƙasaita, shi ya sa muka sa mata Hajiya. Fara ce tas, kuma ta saba da hannu, abin da ya ja mata ke nan. Mai tarko yana son wadda za a hango daga nesa, wadda kuma ba za ta wahalar da shi ba. A ranar na gane cewa kyautar da Ammu ya yi mini ta baki ce.

Wani surukinsa daga bakin teku ne ya koya masa sana'ar. Ya gaya masa cewa da kaka shahuna kan ratso ƙasar a hanyarsu ta kudu, kuma guda ɗaya mai kyau, in ya kai hannun attajiran da ke farauta da su, ya isa ya canza wa mutum rayuwa. Hukuma ta hana kama su, kowa ya sani, har ana cewa ma'aikatan kula da muhalli kan shiga kasuwar tsuntsaye su ƙwace wanda suka gani. Shi ya sa Ammu ya ja kunnen kowa a gidan. Da yamma na kai wa Baba ƙara, na ce ya je ya gaya wa hukuma. Ya ce, "Amina, mu baƙi ne. Takardar zamanmu ba ta fito ba, gidan kuma nasa ne. Ki yi haƙuri." Na ji haushin Baba ƙwarai a lokacin. Sai da na girma na san nauyin abin da ya haɗiye.

Kwana shida ana abu ɗaya. Da safe a sa wa Hajiya rigarta, Ammu ya shige bayan tanki ya lulluɓa da buhu, ya riƙa jan zare don ta yi ta fuffuka. An hana yara hawa sama in an kafa tarkon. Mata kawai aka bari su yi shanya, su ma bakinsu alaikum. A makaranta ba na jin abin da malama ke faɗa, idona na kan taga. In na dawo na tarar da ita da rai sai in yi ta sumbatar kanta, ina cire mata gashin da zaren ya tsittsinke. Abinci ma sai Umma ta tsaya a kaina nake ci.

Juma'a ta sake zagayowa, ba makaranta. Umma ta aza mini bahon wanki a ka muka hau tare, da sunan zan taya ta shanya. Muna cikin shanya sai tantabarun ɗakin katako suka yi tsit gaba ɗaya. Na ɗaga kai, na ga wani ɗan ɗigo can sama ta wajen gonaki, ya tsaya cak, sannan ya naɗe fukafukai ya sulmiyo. Umma ce ta kife bahon, ta rarumi takalminta ta hau dukan bahon, tana kururuwa iya ƙarfinta: "Shaho! Shaho! Kai! Kai, ɓarawo!" Haka matan ƙauyensu ke yi in shaho ya kawo wa 'yan tsaki hari. Tsuntsun ya karkace dab da igiyar shanya, har na ji iskarsa, ya yi sama bai waiwayo ba.

Ammu Fathi ya fito daga buhu fuskarsa ja wur, hannu biyu a ka. "Haram alaiki, ya Ummu Amina! Haram alaiki!" Wato ta cuce shi. Umma ta dube shi da mamaki, ta juyo gare ni ta ce, "Me yake cewa? Ni da na ceci tsuntsuwarsa, ko sannu babu?" Ihun ya fito da mutane saman benaye har uku, kowa na leƙe yana tambaya, ga Hajiya a fili da rigar zarge. Asiri ya tonu, Ammu ya san ba zai ƙara kafa tarko a nan ba. Ya tsinke zaren, ya cire rigar ya cusa a aljihu, ya dangwara mini Hajiya a ƙirji ya ce, "Khalas," wato shi ke nan. Baba ya yi sati yana bin sa da ma'alish, wato ban haƙuri, yana cewa matar 'yar ƙauye ce, ba ta san komai ba. Ba a kore mu ba, amma Ammu bai sake amsa gaisuwar Umma ba har muka dawo gida a 2015.

Shekaru na yi ina ba da labarin nan ana dariyar ƙauyancin Umma, ita ma tana taya mu. Sai a ciwonta na ƙarshe, ina zaune bakin gadonta a Katsina, na sake tsokanarta da shi. Ta yi murmushi ta ce, "Ke dai ba ki da wayo. Kwana shida ina ganin mutum cikin buhu, ki ce ban san me yake jira ba? Babanki ba shi da bakin magana, ke kuma kin daina cin abinci. Wauta ce kaɗai ba a korar mutum daga gida a kanta."

Yanzu ina da gidana da tsakar gida mai faɗi, abin da Umma ta yi ta marmari a Masar. 'Ya'yana ba su taɓa riƙe tsuntsu a hannu ba, a waya suke ganin shaho, kuma in abu ya dame su ni suke kallo. Nakan tuna matar da ta yarda unguwa guda ta ɗauke ta sakarai don 'yarta ta ci tuwo. Shekara da shekaru ina yi mata dariya, ban taɓa ce mata na gode ba.