Takardar Halarta Na Sa wa Hannu

Wata rana ce da ba zan bari ta ɓace ba: Talata, 14 ga Mayu, ƙarfe goma na safe.

A makon ne jaridu suka fallasa cewa wani kamfanin fasa dutse ya gina wa shugaban ƙaramar hukumarmu gida, shi kuma ya ba su dutsen bayan firamare. A makarantar na koyar shekara talatin da biyu. Nakiyarsu ta tsaga bangon aji uku.

Sai ga katin gayyata daga ofishin shugaba: za a karrama tsofaffin malamai.

Na sa babbar riga na tafi. A bakin ƙofa aka miƙo takardar halarta, samanta fari. Malami ba ya shiga wuri bai sa hannu a rajista ba. Na rubuta cikakken sunana, har da lokacin isowa.

Aka ba mu lemo, aka ɗauki hoto, aka sallame mu.

Washegari rediyo ta ce: "Dattawan ilimi sun wanke shugaba."

Ashe daga baya aka buga wa takardar kai, ta koma ta goyon bayan shugaba. Sunana aka fara karantawa, don ni na fara zuwa.

Tun ranar dakalin ƙofar gidana ya zama nawa ni kaɗai. Malam Haladu, da muke hira kullum tun rasuwar matata, yanzu daga nesa yake ɗaga hannu. Iyayen yaran aji uku kuwa ko hannun ba sa ɗagawa.

Na je wurin Nafi'u, mai magana da yawun shugaba. Ni na koya masa riƙe fensir.

"Nafi'u, wa ya buga wa takardar nan kai?"

"Haba, Baba Malam! Ai labarin ya mutu. Yanzu kowa maganar ƙwallo yake."

"A ofishinku ya mutu. Ni cikin unguwa nake."

Ya duba wayarsa, ya ce a ba ni kalanda mai hoton shugaba.

A kan teburinsa na bar ta.

Darasi: in manya suka shiga abin kunya, ba amsa suke nema ba, sunan mai mutunci suke nema su rufa da shi. Kada ka sa hannu a takardar da samanta fari ne.

Ku tura wannan har ya isa wayar shugaba.

Ni, Isiyaku Sale, ba na son ziyara a ɓoye, ba na son a aiko da dattawa. Shugaba ya fito a rediyo, da bakinsa, ya ce ban wanke shi ba, ya nemi afuwata, gari yana ji.