Asirin da Na Tona a Gindin Tsamiya

Shekarun da sababbin babura suka cika Daura, ina cikin 'yan sakandaren da malamin asibiti ya koya wa illar tsargiya, don mu faɗakar da samari 'yan'uwanmu. A lokacin, yaro in ya ga jini a fitsarinsa murna yake yi, wai ya balaga.

Wata rana aminina ya ja ni gefe, ya ce, "Abokina, nawa fitsarin jinin ya shekara uku, yanzu har da zafi. Ka rufa mini asiri."

Ran kasuwa na tara samari a gindin tsamiya, ina hana su wankan kududdufi, suna ta dariya. Haushi ya kama ni, na nuna aminin nawa da ke zaune cikinsu na ce, "Ku tambayi wannan in ƙarya nake!"

Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa ya tafi. Kunya ta hana shi zuwa asibiti, bai kuma sake zama inda nake ba.

Bayan shekaru da na yi tafiya, na ga masu irin aikinmu a Masar da Sudan, a keɓe suke ganin mutum. Ina Hartum wasiƙa ta iske ni, cewa ciwon mara da tsargiyar ta jawo ya yi ajalin aminin nawa.