Allurar Gwaggo a Dumega

Mun tashi da asuba daga Dutsi, ni da ƙanena, za mu Dumega wurin gwaggon da ta raine mu. Motar haya ce, taksi-burus, irin wadda sai an tura take tunawa da aikinta. A Kore Mairuwa muka bar kwalta, muka sayi ƙosai. Ya ƙanƙance, kuɗinsa kuwa ya girma. Hanyar Tibiri tana nan yadda na san ta, gero dama da hagu, amalanken shanu ba sa kauce wa kowa. Na tuna lokacin da Gwaggo take kawo mu kasuwa a kan jaki, sai kewa ta kama ni.

Ba ziyara ce kawai ta kai mu ba. Gwaggo ta daɗe da kumburi a ƙarƙashin kunne, ana cewa hangum ne. Watan jiya likita ya sa siririyar allura ya zuƙo ɗan abin da ke ciki, aka aika Yamai. Masu dubawa da madubin likita sun sha wahala, don ƙwayoyin sun yi kama da na kumburi marar illa. Da suka sake dubawa suka gano ciwon dajin jakar miyau ne, irin wanda ba a cika gani ba. Sai an yi aiki, kuma da wuri.

Muka tarar da gida cike da mata ana rabon fura. Gwaggo ce take sadakar godiya. A wurinta, wanda aka yi wa allura ya gama shan magani.

Na ja ta bayan rumbu na yi mata bayani. Ta shafa wuyanta.

"Ashe allurar nan tambaya kaɗai ta yi, ɗana?"

"Tambaya ce, Gwaggo. Maganin na gaba."

"To, ka bari su shanye hurarsu. Kak ka ɓata musu."

Ta koma ta ci gaba da rabo tana dariya. Da la'asar ta ɗaure ƙullinta da kanta.

Mun iso Dutsi tare da ita, jibi sai Yamai. Na koyi cewa kai tsoho asibiti bai wadatar ba, sai ka zauna ka faɗa masa abin da aka yi masa. Wata guda Gwaggo ta yi tana barci da murnar ta warke, ciwon kuwa yana girma.